Faifan da Muttaka Bai Wanke Ba

Duk wanda ya taɓa kai kwamfuta gyara a Yakasai ya san shagon Muttaka, ko da bai riƙe sunansa ba. Wani ɗan tsukukun shago ne da aka yanko daga jikin soron wani gida, in mutum biyu sun shiga na uku sai ya tsaya a waje. Akwai benci ɗaya na masu jira, da tebur cike da laftof ɗin da aka farke wa ciki, da gwangwanin madara da yake tara sukurori. Mai shagon siriri ne, ba ya son hira, kuma in kana yi masa bayanin abin da ya sami kwamfutarka ba zai ɗago ya kalle ka ba, sai dai ya ce "uhm" yana kwance mata baya. Wasu na cewa girman kai ne. Ba girman kai ba ne, idonsa ne ya fi sabawa da ƙananan wayoyi a kan fuskokin mutane.

Yawancin masu zuwa wurinsa ba masu hali ba ne. Malaman makaranta ne da ɗalibai da masu shagon buga takardu, kowa da tsohuwar kwamfutarsa mai tafiyar hawainiya, kowa kuma yana so ta yi gudu ba tare da aljihunsa ya ji a jikinsa ba. Muttaka ba ya yaudararsu. Ram ta hannu, in ji shi, ka saya hankalinka kwance, domin ram ba ta riƙe komai, da an ɗauke wuta ta manta duk abin da ta sani. Fanka ta hannu, kibod na hannu, gilashi na hannu, duk zai tono maka a buhun 'yan gwanjo ya gwada a gabanka. Batir kam sabo ya fi, tsoho ya riga ya ƙarar da ƙarfinsa a hannun wani. Amma faifan ajiya, wannan ɗan ƙarfen mai faɗin tafin hannu da kwamfuta ke adana hotuna da takardu a cikinsa, yanzu ko birgima za ka yi a ƙasa ba zai sa maka na hannu ba. Da can yana sawa. Bara ya daina, kuma ba don wani ya kawo ƙara ba.

A lokacin da yake sawa ma, yana da ƙa'idarsa da ya gada a gida. Mahaifinsa, marigayi Malam Hamid, shi ne mai wankan gawa na unguwar fiye da shekara talatin. Muttaka ya taso yana ganin tsohon ya fita da asuba an kira shi, ya dawo ya wanke hannu ya sha kokonsa, ko matarsa ba ta taɓa jin ya ce wane ya rame ko wane yana da tabo a wuri kaza ba. Da Muttaka ya fara sana'a ya gane abin da mutane ke bari a cikin faifan da suka sayar, hotunan iyali da wasiƙu da abubuwan da ba a faɗa, sai ya ɗauki hanyar ubansa. Duk faifan hannu da ya shigo shagonsa, yana jona shi zai goge shi tas, ba ya buɗe ko folda ɗaya. Abokan sana'arsa suna ce wa aikin fomatin, shi yana ce masa wanka. Suna yi masa dariya, don su kam har kiran juna suke in sun ci karo da abin kallo.

Wata ɗabi'arsa kuma, duk faifan da ya sa wa mutum da hannunsa sai ya juya bayansa ya rubuta ƙaramin harafin mim da baƙar maka, alƙalamin nan da rubutunsa ba ya gogewa, saboda masu dawo da kayan wani shago su ce nasa ne.

Muttaka yana da wa guda ɗaya, Nazeer, mai ɗaukar hoto a bukukuwa. Shi ne kishiyar Muttaka a komai: mai surutu, mai dariya da ƙarfi, in ya tsaya sai ya karkata a kan ƙafa ɗaya ya zuba hannu a ƙugu kamar mai jiran a ba shi labari. Shekara takwas da suka wuce aka gayyace shi ɗaukar hoton wani biki a kudu. Ya rataya jakarsa da kyamara da laftof, ya hau doguwar motar fasinja. A hanyar Lakwaja motar ta haɗu da tankar mai, wuta ta tashi.

Muttaka aka tura. Ya isa bayan kwana biyu, ya tarar an riga an binne mutanen a rami ɗaya, domin babu wanda ake iya ganewa. Abin da aka nuna masa biyu ne: takardar tasha mai sunayen fasinjoji, da sunan Nazeer a layi na goma sha bakwai, sai tudun jar ƙasa a gefen titi. Ya yi addu'a ya juyo gida.

Mahaifiyarsu, 'Yardada, tana zaune a tsakar gida cikin mata da ya shigo. Ba ta yi kuka ba. Ta dube shi ta ce, "Ka gan shi da idonka?"

Ya dubi matan nan, ya dubi Rukayya matar Nazeer rungume da jaririyarsu Ikram, ya san in ya ce a'a gidan nan ba zai sake samun barci ba, kullum ana sauraron sallama. Sai ya ce, "Na gan shi, Umma. Ni na sa hannu aka sauke shi."

Don tausayi ya faɗa, wannan babu shakka. Amma a kan wannan maganar tasa aka gina duk abin da ya biyo baya. A kanta aka yi zaman makoki, a kanta Rukayya ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Bayan shekara biyu manya suka ce bai kamata a fitar da marainiya daga gidan ubanta ba, ga ƙanin miji nan ba shi da aure, me zai hana? Aka tambayi Rukayya ta yi shiru irin na yarda, aka tambayi Muttaka ya sunkuyar da kai. Kada a yi masa ƙarya, ba sadaukarwa ya yi ba, yana sonta, kuma zaman nasu ya yi daɗi. Suka sami ɗa namiji aka sa masa sunan Nazeer.

Ana nan sai 'Yardada ta fara ganin Nazeer.

Ita dai tun da ƙafa ta matsa mata, ta mai da soron gida wurin zamanta. Bayan sallar Juma'a ake shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofa, tana jan carbi tana amsa gaisuwar masu wucewa ta lungun. Wata Juma'a aka ji ta tana ƙwala kira, "Nazeer! Nazeer!" Kafin Rukayya ta fito da gudu lungun ya zama wayam, sai akuyar maƙwabta. Tsohuwar ta nuna falwayar da ke kwanar lungu ta ce a nan ya tsaya, ya rufe fuska da takunkumi ya ja hula har gira.

"To Umma, in ya rufe fuska ta yaya kika gane shi?" in ji Muttaka da ya dawo.

"Tsayuwarsa. Ni na haife shi, ban san tsayuwarsa ba?"

Juma'a ta zagayo, ta sake gani. Ta sama ma haka. Babu wanda ya taɓa ganinsa sai ita, ga shi idonta ɗaya ya yi yana, ɗayan ma sai a hankali. Mata suka fara ƙus-ƙus. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce aljani ne yake zuwar mata da siffar ɗanta, kuma ranar da ta tashi ta bi shi ba za ta dawo ba. Ikram ta daina yarda ta bi ta gindin falwayar in za ta Islamiyya. Aka yi rubutu aka ba tsohuwar ta sha, aka yi hayaƙi, aka kira mai ruƙiyya ya karanta har muryarsa ta dushe, ita tana zaune tana kallonsa kamar mai kallon ɗan talla.

Muttaka shi ya fi kowa zafi a kan maganar, kuma shi kaɗai ya san dalili. Duk ranar da ta ce ta ga Nazeer, sai tudun jar ƙasar nan ya dawo masa, ya tuna bai ga komai a ƙarƙashinsa ba. Tsoro yake ji, sai tsoron ya fito masa da siffar faɗa. Wata rana har ya ɗaga mata murya, abin da bai taɓa yi ba: "Umma, wanda ya mutu ba ya dawowa! Na ce miki ni na binne shi!" Daga nan ya ba da umarni a riƙa rufe ƙofar soro duk ranar Juma'a daga azahar zuwa magariba. Aka riƙa rufewa. Tsohuwar ta koma leƙe ta tsagar ƙyauren, kuma ba ta fasa cewa yana zuwa ba. Haka aka kwashe shekara biyu.

Sai kuma a cikin damina ta daina. Juma'a ɗaya, biyu, uku, ba ta kira kowa ba. Rukayya ta ce Alhamdu lillahi magani ya karɓe ta. Amma tsohuwar ta rage cin abinci, in an tambaye ta sai ta ce, "Bai zo ba. Ko lafiya?" Wannan tambayar ta fi kiran tayar wa Muttaka tsigar jiki.

A satin nan ne Malama Sa'ida, wata malamar firamare, ta kawo laftof ɗinta. Faifanta ya cika ya kuma fara tsayawa, ga jarrabawa ta matso tana da tambayoyin bugawa.

"Malama, sabo za ki sa," in ji Muttaka, kansa na ƙasa. "Akwai sabon samfurin nan mai sauri, ba ya ƙara ba ya zafi. Ki sa shi ki huta shekara biyar."

"Malam Muttaka, ai ka san albashin malami. Ka nemo min na hannu mai ɗan dama-dama, in Allah ya hore sai a sa sabon."

"Na hannu ba a san ranarsa ba fa. Yau yana aiki, gobe ya tafi da duk abin da kika zuba masa."

"Na ji, na yarda. Allah zai tsare."

Da hantsi washegari Bashir ɗan gwanjo ya biyo da buhunsa a bayan babur, kamar yadda ya saba duk Talata. Shi yawo yake gida-gida da wurin dillalai yana sayen matattun kwamfutoci, ya fasa ya ware abin da zai moru. Muttaka ya zaɓi faifai uku ba tare da ya duba su sosai ba, Bashir ya wuce.

Sai da ya zauna zai jona na farko ya ga gefensa ɗaya ya yi baƙi-baƙi, takardar jikinsa ta ƙanƙance kamar wadda ta sha zafi. Ya juya bayansa. Ga mim ɗinsa nan da baƙar maka, ta koɗe amma tana nan. Wannan ba abin mamaki ba ne, kayan da ya sa wa mutane sukan zagayo su dawo masa. Abin da ke ƙarƙashin mim ɗin ne abin mamakin. Da rubutun hannunsa, ƙanana, an sa: Yaya. Sau ɗaya ya taɓa rubuta wannan a bayan faifai, ranar da ya ƙara wa Nazeer wurin ajiya ana saura sati ya yi tafiya.

Rana tsaka ce, masu adaidaita suna ta hon a bakin titi, mai rake yana kiran ciniki, amma Muttaka ya ji shagon ya yi sanyi kamar an buɗe rijiya a ƙarƙashin teburinsa. Faifan da ya kamata ya narke a hanyar Lakwaja shekara bakwai kafin wannan ranar, ga shi a tafin hannunsa a Yakasai. Ya kai shi hanci ba tare da ya san dalili ba. Ƙarfe ne kawai da ƙura.

Ya jona. Faifan ya juya, sannan ya yi ƙas, ƙas, ƙas, ya yi shiru, ya sake juyawa. Duk mai gyara ya san wannan ƙarar, ta faifan da ke gab da mutuwa ce, wani lokaci tashi ɗaya ya rage masa. Kuma duk mai gyara ya san abin yi: kada ka tsaya kallo, ka kwafe komai zuwa wani wuri tukuna. Muttaka ya sha yi wa mutane faɗa a kan haka. Hannunsa ma da kansa ya nufi wurin gogewa saboda sabo, ya janye shi kamar ya taɓa garwashi. Bai goge ba, bai kuma kwafe ba. A karon farko a rayuwarsa ya buɗe faifan wani.

Na farko tsofaffin hotuna ne: amare da angwaye, 'yan rawa, Rukayya tana dariya ta kare fuska da mayafi, Ikram cikin tsumma. Na ƙarshensu a tashar mota aka ɗauka, ranar tafiya. Daga nan babu komai. Ya duba kwanan watan, shekara biyar cur babu hoto ko ɗaya. Sai kuma foldoji suka dawo, a jere, kowace da kwanan wata, kowace tsakaninta da 'yar'uwarta kwana bakwai. Ya lissafa a ransa. Duk Juma'a ne.

Ya buɗe ta farko. Lungunsu ne, an ɗauko shi daga kwana, gefen falwaya ya ɗan shigo cikin hoton. Ga ƙofar gidansu da koren fentin da shi Muttaka ya shafa da hannunsa bayan ya yi aure. Ga Umma a kan tabarma, ta ɗago kai, bakinta a buɗe. Kira take yi.

Ya riƙa dannawa. Ikram da jakar Islamiyya, ta raɓe jikin bango. Rukayya ta fito da goyo, ƙafar yaron tana leƙowa ta ƙarƙashin hijabi. Shi kansa ya dawo daga masallaci da darduma a kafaɗa, yana dariya da wani maƙwabci. Sannan hotunan suka canza. Ƙofar soro a rufe. Folda ta gaba, ƙofar a rufe. Ta gaba ma haka. Sati bayan sati, wata bayan wata, mutumin nan yana zuwa ya ɗauki hoton rufaffiyar ƙofa ya tafi. A wasu, in ka ƙura ido, za ka ga wani ɗan haske a tsagar ƙyauren, daidai tsayin mutumin da ke zaune a ƙasa.

Faifan ya yi ƙas, ƙas. Muttaka ya ji, bai motsa ba.

Akwai folda ɗaya da ba ta faɗo a Juma'a ba. Hoto ɗaya ne tak a ciki. Shagon nan ne, daga ciki, daga kan bencin masu jira. Ga Muttaka ya sunkuya a kan tebur da sukundireba a hannu, ƙeyarsa ce ta cika rabin hoton. A gilashin wata matacciyar laftof da ke jingine a bango, inuwar mai ɗaukar ta fito dishi-dishi: hula har gira, takunkumi, kafaɗa ɗaya ta karkata.

Ya waiwaya ya dubi bencin. Babu kowa, sai kwalin da ya ajiye da safe. Amma ranar ta dawo masa. Wani mutum ya shigo ya yi sallama da wata shaƙaƙƙiyar murya, ya zauna, ya daɗe bai ce komai ba, ba kuma kwamfuta a hannunsa. Muttaka ya ɗauka mai neman taimako ne. Bai ɗago ba ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, Malam, yau ba a yi ciniki ba." Mutumin ya ɗan ƙara zama, sannan ya tashi ya fita.

Gilashin kwamfutar ya daskare. Faifan ya yi wata doguwar ƙara kamar ana jan ƙusa a kwano, ya tsaya. Ya cire ya sake jonawa, ya canza waya, ya gwada a wata kwamfutar, ya yi duk dabarar da ya sani har la'asar. Faifan bai sake juyawa ba. Ko da wayarsa bai ɗauki hoton gilashin ba, ga ta nan a aljihu duk tsawon lokacin.

Ya kira Bashir a waya.

"Faifan nan mai ƙonannen gefe, a ina ka samo shi?"

"Ya ba da matsala ne? Wallahi yadda na same shi na kawo maka."

"Ba wannan na tambaye ka ba. A ina?"

"Wajen Ƙofar Dawanau ne, gidan hayar wani Alhaji Umar. Kayan wani mamaci ne aka fitar."

Muttaka ya rufe shago ya tari adaidaita. Alhaji Umar dattijo ne mai sayar da buhunan hatsi, ya same shi a ƙofar gida yana alwala. Da ya ji abin da ke tafe da shi ya ajiye butar.

"Allah sarki, Malam Mai Hoto. Haka muke ce masa, don yana ɗaukar wa yara hoton fasfo a waya. Ya ce min sunansa Ibrahim, amma in an kira shi da shi ba ya saurin waiwayowa. Shekara biyu da 'yan watanni ya yi a ɗakin can na ƙarshe. Ba ya faɗa da kowa, ba mai zuwa wurinsa. Ranar Juma'a kaɗai yake fita nesa, ya dawo bayan la'asar ya rufe ƙofa."

"Bai taɓa faɗin daga ina yake ba?"

"Sau ɗaya, da ciwon ƙirjin ya tsananta. Ya ce wuta ce ta taɓa shi a hanya, wasu mutanen ƙauye suka tsince shi a daji da jakarsa, ya yi shekaru a hannunsu ko sunansa bai sani ba. Na ce to yanzu da ka tuna, ba ka da dangi ne mu aika? Ya ce yana da su, suna lafiya, sun riga sun yi haƙuri, ba ya so ya tayar musu da shi. Ban matsa ba. Wanda ya yi masa wanka bai ce komai ba, ka san su, amma ya fito yana hawaye. Kayansa kuwa ba su taka kara sun karya ba, muka ba dillali muka yi masa sadaka da abin da aka samu. Kai ɗan'uwansa ne?"

 Muttaka ya gyaɗa kai.

Dattijon ya raka shi maƙabartar da ke gindin Goron Dutse. Suka bi ta tsakanin kaburbura har wani layi na sababbi. Ruwan sama ya riga ya lallashe su, duk sun zama iri ɗaya, ƙasa da fasassun tukwane da 'yar ciyawa da ta fara tsirowa. Alhaji Umar ya tsaya a kan ɗaya, ya matsa na gaba, ya dawo.

"A layin nan ne dai, tsakanin bishiyar can da nan. Ka yi haƙuri, ranar mun yi sauri saboda hadari, mu ma ba mu fi mu goma ba."

Kaburbura tara ne a tsakanin. Muttaka ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana addu'a, a kan kowanne yana jiran ya ji wani abu a jikinsa da zai ce masa nan ne. Bai ji komai ba. Karo na biyu ke nan yana tsayawa a kan ƙasa yana yi wa Nazeer addu'a ba tare da ya ga fuskarsa ba.

A hanyar komawa ya yi ta saƙa da warwara. Faifan ya mutu, babu hoto, babu shaida. Bashir bai san komai ba, Alhaji Umar bai san gidansu ba. In ya yi shiru, shi ke nan, tsohuwa za ta ci gaba da zama wadda tsufa ya taɓa wa kai, Rukayya ta ci gaba da zamanta lafiya. Har ya sauka a bakin lungu yana kan wannan shawarar. Sai ya ga kansa a gindin falwayar. Bai taɓa tsayawa a nan ya dubi gidansu ba. Taku ashirin ne, bai fi ba, har ƙamshin miyar da Rukayya ke kaɗawa yana isowa wurin.

Ya sami 'Yardada a soro, ana shirin kiran magariba. Ya cire takalmi ya durƙusa a gabanta, abin da rabonsa da yi tun ranar ɗaurin aurensa.

"Umma, ƙarya na yi miki. Ban ga gawar Yaya a Lakwaja ba. Sunansa kawai na gani a takarda."

Ta ci gaba da jan carbinta. Ya faɗa mata sauran, faifan da hotunan da ɗakin haya da layin kaburbura, bai rage komai ba, har da ranar da ya ba wansa haƙuri a shago. Yana magana ya ji ƙarar ludayi a tukunya ta tsaya a tsakar gida. Labulen da ke tsakanin soro da cikin gida ya ɗan motsa, ƙafafun Rukayya suka bayyana a ƙarƙashinsa, ba su shigo ba, ba su koma ba.

Ya yi zaton tsohuwar za ta tsine masa, ya ma fi son haka. Ba ta yi ba. Ta ce, "Ina hotunan? Nuna min shi."

"Sun tafi, Umma. Faifan ya mutu a hannuna. Kuma babu fuskarsa a ciki, mu kawai ya ɗauka."

Liman ya tayar da salla a masallacin lungu. Sannan ta tambaya, a hankali, kamar mai tsoron amsar:

"Da ciwon ya kwantar da shi, wa ke kai masa abinci?"

"Ban sani ba."

"Da zai cika, wa ke kusa da shi?"

Muttaka ya tuna abin da Alhaji Umar ya faɗa masa a hanyar maƙabarta, cewa sai da aka kwana biyu ba a ga ya fito alwala ba sannan aka ɓalle ƙofar. Ƙarya mai sauƙi ta zo masa har bakin leɓe, irin waccan ta farko, mai sanyaya zuciya: maƙwabta suna nan, an yi masa kalmar shahada, bai sha wahala ba. Ya dubi idon uwarsa mai yana, ya haɗiye ta.

"Babu kowa, Umma," ya ce. "Shi kaɗai ne."